Zanen gado na katifar ruwa: tambayoyin da masu ita ke yi a Yamai

Katifar ruwa ba ta yawaita a Yamai ba, amma jefi-jefi ana ganinta. Wani oda ya yi daga waje, wani kuma a hannun baƙon da zai bar gari ya saya. Ba a daɗewa mai ita zai lura cewa zanen gadon da ya saba shimfiɗawa ya ƙi zama a kanta.

Wace irin katifa ce wannan?

Jaka ce babba ta roba mai kauri da ake cikawa da ruwa. Wani likita ɗan Sikotilan, Neil Arnott, ya fara yin irinta a shekarun 1830 domin majinyatan da doguwar kwanciya ke sa wa gyambo. Ta zamani kuwa Charles Hall ne ya tsara ta a San Faransisko ta Amurka a 1968. Iri biyu ce: mai zama cikin akwatin katako, da wadda aka kewaye gefenta da soso aka lulluɓe ta da yadi. Ta biyun tana karɓar zanen gado na yau da kullum in dai aljihunsa na da zurfi. Ta farkon ce mai rigima.

Me ya sa zanena ke zamewa kafin gari ya waye?

Awon ne ya bambanta. Katifun da muka saba da su tsawonsu santimita 190 ne ko 200, ita kuwa mai akwatin katako takan kai 213. Faɗinta 122 ne, ko 152, ko 183. Ga shi kuma duk juyin da mutum ya yi sai ruwa ya motsa ya ja zanen. Shi ya sa ake ɗinka wa nata zanen aljihu a kusurwa huɗu, a kuma haɗe na rufa da na shimfiɗa ta wajen ƙafa. Wajen shimfiɗawa, a ɗaga kusurwar katifar da hannu, a zura ta cikin aljihun, a sake ta. Nauyin ruwan ne zai danne shi, don babbar tana cin lita 700 zuwa 900.

To sai na yi oda daga waje ke nan?

A'a Hajiya, telan unguwarku ya ishe ki. Ki auna tsawo da faɗi da zurfi daga cikin akwatin, ki sayo yadin auduga mai faɗi a Babbar Kasuwa. Ki wanke shi ki shanya kafin a sa masa almakashi, saboda auduga na tsukewa a wankin farko. Yadi mai santsi da ƙyalli da ake so a kayan ɗakin amarya, a ganina a bar shi na ado da rana. A kan ruwa zamewa yake yi, kuma ba ya shan gumi.

Zane kaɗai bai isa ba?

Bai isa ba ko kaɗan, kuma nan ne nake so a fi maida hankali. Roba ba ta barin iska ta ratsa. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, gumin da katifar soso za ta tsotse, a nan kwanciya yake yi tsakanin zane da roba. In an ɗaga zanen da safe sai a ga wurin ya yi danshi yana ƙyalli. Da an bar shi haka, sai wari da fumfuna. Gumin da man shafawar jiki kuma su ne ke busar da robar sannu a hankali har ta soma tsagewa.

Maganin shi ne shimfiɗa mai kauri ta auduga a ƙarƙashin zanen, irin mai ɗinkin layi-layi. Da ɗari ma ita ce ke ceto. A Disamba da Janairu dare na yin sanyi sosai, ruwan ya huce, ya yi ta zuƙe ɗumin jiki kamar an kwanta a jikin randa. Na'urar ɗumama ruwa da ke ƙarƙashin katifar don wannan aka yi ta, kuma galibi ana ajiye ta kusa da digiri 28 zuwa 30. Da safe a rufe gadon da bargo, ya riƙe ɗumin ko an ɗauke wuta, ya kuma tare ƙurar hunturu. Kada a taɓa kunna na'urar babu ruwa a katifar, robar za ta ƙone.

Yaya zan kula da tsabta?

Zane a wanke duk mako, shimfiɗar ƙarƙashi kuma a riƙa shanya ta a rana. Robar a goge ta da tsumma mai ɗan danshi, a bar ta ta bushe, ban da ruwan jabel. Akwai maganin da ake zubawa cikin ruwan duk wata 6 zuwa shekara don hana gansakuka da wari.

Turaren wuta fa, da sange?

A turara zanen a waje kafin a shimfiɗa. Kasko da garwashi kada su kusanci gadon. Sange kuma a ɗaure shi a bango ko a sama, a cusa bakinsa tsakanin katifa da katako. Allura, reza, da fil ɗin maƙale ɗankwali, duk a nesanta su. Ƙaramin huji ana yi masa faci, amma a tabbata akwai ledar kariya a cikin akwatin da za ta tare ruwan kafin a gano wurin.

Zan iya kwantar da jariri a kai?

Don Allah kar ki yi, ko da baccin rana ne, ko da kina kusa. Katifar na lotsawa, fuskar jariri na iya nutsewa a ciki ko ya gangara tsakaninta da katako, kuma ba shi da ƙarfin ɗaga kai. Likitocin yara sun yi gargaɗi a kan haka. A kwantar da shi rigingine a kan katifa mai tauri, a nasa gadon.