Kada Ba Kifi Ba Ne, Ku Fitar Da Shi Daga Durom

Ranar Asabar wani saurayi a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, ya kira ni, wai in zo in duba masa dabbobinsa. Na zaci awaki ne ko zomaye, don a kansu aka fi nema na. Da na isa sai ya zagaya da ni bayan ɗaki, ya ɗage wani tsohon kwanon rufi daga kan shuɗin durom. 'Ya'yan kada ne guda huɗu cikin ruwan da ya yi kore yana wari, ba inda za su ɗora ko da haɓa. Ɗaya ya riga ya mutu har ya kumbura. Na ɗauko wani na taɓa muƙamuƙinsa, ya lanƙwashe a hannuna kamar roba.

Ba yau na fara ganin haka ba. Na gani a Asawase, na gani a Tafo Zango, kuma labarin ɗaya ne: an ga bidiyo a TikTok cewa jakar fatar kada kuɗi ce a Faransa, wani direba ya kawo 'ya'yan daga arewa, sai a tsunduma su a durom a rufe.

Ƙannena, kada ba kifi ba ne. Sau nawa zan faɗa? Duk wanda ya taɓa zuwa Paga, garin nan mai tafkin kada a arewacin Ghana, ya ga yadda suke fitowa bakin tafki su baje suna shan hantsi, baki a buɗe. Jikinsu ba ya ɗumama kansa, da rana suke dogara. A gonakin kada ana riƙe wa ƙanana zafin da ya kai digiri 30 zuwa 32. Kai kuma ka bar shi dare da rana cikin ruwan famfo mai sanyi, a inuwa, balle in hunturu ya zo. Abincin ma ba ya narkewa, a cikinsa yake ruɓewa. Ka ce ai yana nan da rai, ya yi sati uku bai ci ba kuma bai mutu ba. Haƙurin yunwa gare shi, shi ya sa wahalarsa ke daɗewa ba ka sani ba.

Na san ba mugunta ba ce, neman na kai ne, kuma ina tausaya wa yaron da ya zuba 'yan sidinsa a ciki. Amma ko ta fuskar kuɗin, asara ce. Fatar ciki ake saye, kuma ƙarzuwa ɗaya kan zubar da darajarta. Waɗanda aka cunkusa a durom cizon juna suke, suna gurje ciki. Manyan gonakin da ke bakin tafkin Kariba a Zimbabwe sai sun yi shekara biyu zuwa uku suna ciyarwa kafin su yanka, da wurin ruwa da wurin tudu, kuma duk da haka masu kare haƙƙin dabbobi na sukar gonakin da ke killace kowane kada shi kaɗai a ɗan keji don kar fatar ta ɓaci. To ina ga durom? Sannan fatar ba ta ƙetare iyaka sai da takardar CITES, yarjejeniyar 1973 kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, dokar Ghana kuma ta hana kama kada ko ajiye shi ba izini.

Ga yara na wasa a tsakar gidan, su tsoma hannu a ruwan su ɗauki tuwo. Ruwan nan na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi. Haba!

In akwai shi a gidanku yanzu: a fitar da shi daga durom yau ɗin nan, ba gobe ba. A sa shi inda rabi ruwa ne mara zurfi, rabi tudu, rana na samu, da 'yar inuwa. A sauya ruwa kullum. A daina ba shi zallar tsoka, a ba shi ƙananan kifi da ƙayarsu. Kar a ɗaure masa baki da roba a bar shi. A wanke hannu da sabulu. Sai a sanar da sashen namun daji na hukumar gandun daji, ko a je gidan zu da ke kusa da kasuwar Kejetia a yi tambaya. Kar kuma wani ya je ya sake shi a rafin Aboabo ko Subin cikin dare.

Saurayin nan, Allah Ya yi masa albarka, ya saurare ni, muka miƙa ukun da suka rage. Biyu sun fara ci. Mai laushin muƙamuƙin har yanzu bai iya riƙe kifi ba, sai an daka masa ana sa masa a baki.