Waiwaye: Maganin Gobarar da Ya Ɓuya a Ƙurar Ɗaki

Mai sayen kayan gwanjo a Bauchi, a kasuwar Wunti ne ko ta Muda Lawal, ƙwari da araha yake dubawa. Amma tsohuwar talabijin, da kwamfuta, da soson kujerar motar da ta gama yayinta a Turai ko Amurka, da yawansu na ɗauke da sinadaran da aka zuba musu don kada su kama da wuta da wuri.

Maganar ta fara fitowa fili a 1973, a jihar Michigan ta Amurka, inda aka yi kuskuren cakuɗa sinadarin PBB mai hana kamawar wuta, wanda ake sayarwa da sunan FireMaster, da abincin dabbobi. Kafin a farga, jama'a sun sha madarar, sun ci naman da ƙwan. Shanu wajen 30,000 aka hallaka. Bayan shekaru aka gano cewa 'yan matan da sinadarin ya same su sosai tun suna ciki, suka kuma sha shi a nono, sun riga tsararrakinsu fara al'ada.

Sai dai ba a ɗauki darasi ba. A 1975 jihar Kaliforniya ta kafa dokar cewa dole soson kujera ya jure harshen wuta na daƙiƙa 12, kamfanoni kuwa suka rungumi wani ɗan'uwan PBB mai suna PBDE. Abin takaici, binciken jaridar Chicago Tribune na 2012 ya nuna da hannun kamfanonin taba a tallata irin waɗannan sinadarai: sigari ke haddasa gobara, amma aka ce kujera za a gyara.

Nonon uwa ne ya tona asiri. Masana a Sweden sun auna nonon da aka adana daga 1972 zuwa 1997, suka tarar PBDE na ninkawa kusan duk shekara biyar. Tarayyar Turai ta haramta nau'i biyu a 2004, Yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu guba da ke daɗewa a muhalli, wadda Najeriya ke cikinta, ta bi sahu a 2009, ta ƙara na ukun a 2017.

Me ya sa mai juna biyu da jariri ne abin ji? PBDE ba ya manne da soso ko roba, a hankali yake fita ya zama ƙura. Yana taruwa a kitsen jiki, ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, kuma yana kama da sinadarin da ƙullin maƙogwaro ke samarwa, wanda ginin ƙwaƙwalwa ya dogara da shi. Yaro mai rarrafe kuwa, hannu baka hannu ƙasa. Wani nazari na 2017 da ya tattara binciken baya ya nuna idan sinadarin ya ninka sau goma a jiki, makin basirar yaro na raguwa da kimanin 3.7. Duk da haka likitoci ba su ce a daina shayarwa ba, amfanin nono ya rinjayi haɗarin nesa ba kusa ba. Shawararsu ita ce wanke hannun yaro, da goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiyar da ke tayar da ƙura, balle a hunturu.

Hukumar NESREA mai sa ido kan dokokin muhalli a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, amma haramci bai tsame sinadarin daga kayan da aka riga aka ƙera ba. Idan talabijin ta mutu, hannun 'yan bola jari take faɗawa, a fasa ta, a ƙona robar a bayan gari don a ciro jan ƙarfe, iska ta dawo da hayaƙin cikin unguwa.