Lissafin nauyin wutar lantarki a gidan zama

Lissafin nauyin wuta shi ne ƙididdigar da ake yi domin a san yawan wutar da gida zai ja a sa'ar da ya fi cin wuta. Da wannan adadi ake zaɓen kaurin waya, da girman makatsar wuta da masu aikin lantarki ke kira dijonktar, da ƙarfin mitar da za a nema wurin kamfani, har da janareto ga mai hali. Fitilu da talabijin da cajar waya ba su cika rikita lissafin ba. Abin da ke rikita shi kaya ne iri uku: masu ɗumamawa, masu sanyayawa, da masu inji mai juyawa a cikinsu.

Wutar da ke shiga gidajen Yamai

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke raba wuta, wadda jama'a ke kira kuran, a Yamai. Gidan zama yakan sami bolt 220 a layi ɗaya, manyan gidaje da masu sana'a kuma bolt 380 a layi uku, duka a kan zagaye 50 cikin daƙiƙa. Tun 1976 kaso mai yawa na wutar birnin daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kebbi. An ƙara tashar samar da wuta ta Goru Banda a 2017, da gonar hasken rana a wurin a 2023. A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse layin, ba ta maido shi ba sai Maris na 2024.

Wannan ya shafi lissafin gida kai tsaye. Buƙatar wuta a birnin ta fi yawa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a Afrilu ke wuce digiri 40 kusan kullum. A daidai lokacin ne ake yawan ɗaukewa, ƙarfin wutar kuma ya ragu a unguwannin da ke ƙarshen layi. Saboda haka duk lissafin da ba a yi shi domin azahar ɗin Afrilu ba, bai dace da Yamai ba.

Ma'aunai

Bolt shi ne ƙarfin turawa, amfiya kuma yawan wutar da ke bin waya. Idan aka ninka su sai a sami bolt-amfiya, wanda ake rubutawa VA a jikin kaya. Wat shi ne ɓangaren da ya zama aiki na gaske. A dutsen guga ko tukunyar ɗumama ruwa, wat da VA ɗaya suke. A inji mai juyawa wat yakan kasance kusan kashi 80 cikin 100 na VA, domin wani ɓangare na wutar kai da komowa yake yi wajen gina maganaɗisun injin. Waya da makatsa ba ruwansu da wannan bambanci, amfiya kawai suke ji. Shi ya sa ake raba wat ɗin inji da 0.8 kafin a raba da 220.

Kilowat-awa, wanda ake biyan kuɗi a kansa, wani abu ne daban: ƙarfi ne a ninka da tsawon lokaci.

Kayan ɗumamawa

Lissafinsu shi ne mafi sauƙi, domin abin da aka rubuta a jikinsu shi suke ci duk lokacin da suke ɗumamawa. Dutsen guga yakan ci wat 1,000 zuwa 2,000, tukunyar ruwan wanka kuma wat 1,500 ko kusa da haka. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16. Tukunya mai lita 50 da za ta kai ruwa daga digiri 20 zuwa 60 za ta ci kilowat-awa 2.3, wato kimanin awa ɗaya da rabi tana aiki. A Yamai ba a ɗumama ɗaki da lantarki sai nadiri, ruwan wanka kuwa a Disamba da Janairu ake nemansa, lokacin hunturu.

Kayan sanyayawa

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma tushensa kalmar doki ce. A kasuwa ana sayar da na'urar sanyaya ɗaki, wato kilim, da sunan doki ɗaya, doki ɗaya da rabi, ko doki biyu. A ilimin injuna doki ɗaya wat 736 ne a ma'aunin Faransa, 746 a na Ingila. Amma a bakin ɗan kasuwa laƙabin girma ne kawai: doki ɗaya na nufin sanyin BTU 9,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne), ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Sanyin BTU 12,000 daidai yake da kilowat 3.5 na zafin da ake fitarwa daga ɗaki, alhali wutar da na'urar ke ci ba ta cika wuce wat 1,100 zuwa 1,300 ba. Dalili kuwa kilim ba ƙera sanyi take yi ba, kwashe zafi take yi ta zubar waje. Wanda ya ɗauki 3.5 a matsayin cin wuta ya ninka lissafinsa kusan sau uku, wanda kuma ya ninka 736 da yawan dawakai yana iya gazawa. Abin dogaro shi ne farantin da ke manne a jikin na'urar, inda aka rubuta wat da amfiya.

Ko farantin ma sai an duba ajinsa. Na'urar da ke ɗauke da alamar T1 an gwada ta ne a zafin waje na digiri 35, mai alamar T3 kuma a digiri 46. Idan aka sa T1 a bangon da rana ke duka a Yamai, za ta ci wuta fiye da abin da aka rubuta, sanyin kuma ya ragu. A ganin mai wannan rubutu, wannan alama ta fi sunan kamfani muhimmanci ga mai saye a yankin Sahel.

Fanka ta sama takan ci wat 60 zuwa 80. Na'urar da ke hura iska ta cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, wadda ta yaɗu a gidajen Yamai, ba ta kai rubu'in cin kilim ba, kuma tana aiki sosai a busasshen zafin bazara. Da damina ta sauka iska ta yi laima, amfaninta ya ragu.

Injuna da wutar tashi

Firji, da daskararre (wato firiza), da kilim, da famfon tura ruwa zuwa tanki, duka inji ne ke cikinsu. Inji a tsaye yana jan wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya kama gudu, na ƙasa da daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka. Wannan ne ke sa fitilu su dushe idan kilim ta tashi. Kilim mai cin amfiya 7 tana iya jan 35 a wannan ƙiftawar. Sabbin na'urori masu inbata, wato abin da ke daidaita gudun inji, suna tashi a hankali, don haka ba su da wannan fizga.

Akwai halaye biyu na inji da suka dace da yanayin Yamai. Na farko, idan ƙarfin wuta ya faɗi, inji ƙara jan amfiya yake yi domin ya riƙe aikinsa: wanda ke cin amfiya 6.8 a bolt 220 zai kai kusan 8.3 a bolt 180, ya yi zafi, rufin wayoyinsa ya lalace. Tukunyar ruwa akasin haka take yi, wat 1,500 ɗinta ya koma kusan 1,000. Na biyu, idan aka maido wuta bayan ɗaukewa, duk injunan gida a tare suke son tashi. Kwamfireso kuma, wato injin matsa iska da ke cikin firji da kilim, idan aka kashe shi yanzu yana buƙatar kamar minti uku kafin matsin iskar cikinsa ya daidaita. Na'urar jinkiri da ake sa wa firji da kilim domin wannan ake yin ta.

Yadda ake haɗa lissafin

Ba tara komai ake yi ba, domin ba a kunna komai lokaci guda. Ƙa'idar lantarki ta Amurka ta tanadi cewa idan kaya biyu ba sa aiki tare, kamar na ɗumamawa da na sanyayawa, a ɗauki mafi girma a bar ɗayan, sannan a ƙara kashi 25 cikin 100 na injin da ya fi girma. Masu aikin wuta a Nijar sun fi bin ƙa'idar Faransa mai lamba NF C 15-100, amma hikimar ɗaya ce.

A ɗauki gida mai fitilu 12 na wat 10 (120), fanka 4 na wat 75 (300), firji da daskararre (350), talabijin da ƙananan kaya (150), kilim biyu na doki ɗaya da rabi (2,400), famfo (1,000), dutsen guga (1,200), da tukunyar ruwa (1,500). Jimla wat 7,020. A bazara ba a kunna tukunya, saura 5,520. A hunturu ba kilim ba fanka, saura 4,320. Bazara ce ta fi, ita za a bi. Daga ciki, kayan inji wat 4,050 ne, a raba da 0.8 su zama VA 5,063. A ƙara sauran 1,470, da VA 375 na rubu'in kilim ɗaya, a sami kusan VA 6,900. A raba da 220: amfiya 31.

Kilowat 6 a bolt 220 kusan amfiya 27 ne, kilowat 3 kuma kusan 14. Ke nan wannan gida ya fi ƙarfin mitar kilowat 3 nesa ba kusa ba, ya kuma ɗan haura ta 6. Amma idan aka mayar da guga zuwa safiya, kafin a kunna kilim, nauyin ya sauko amfiya 26. Sau da yawa gyaran lokacin aiki ya fi neman babbar mita sauƙi. Kilim ɗaya da kwamfiresonta ya yi awa 8 yana aiki kowace rana tana cin kilowat-awa 288 a wata, wanda shi ne abin da ke bayyana a takardar biya.

Waya da makatsa

A ƙa'idar Faransa, wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1.5 ba a kare ta da makatsar da ta wuce amfiya 16, mai 2.5 kuma 20, mai 6 kuma 32. Kowace kilim da tukunya da famfo a ba ta layinta. Makatsa waya take karewa, don haka sa babba domin ƙarama na yawan faɗuwa hanya ce ta gobara. Idan wutar tashi ce ke kayar da ita, akwai makatsa mai alamar D wadda ke jure fizgar ninki 10 zuwa 20, saɓanin mai alamar C da ke jure 5 zuwa 10. Kare ran mutum kuwa aikin makatsar yoyo ce, wadda ke katsewa idan wuta ta ɓalle daga waya, mai miliamfiya 30, tare da wayar ƙasa.

Jadawalin amfiyar da kowace waya ke ɗauka an gina shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 40 waya mai rufin roba tana ɗaukar kashi 87 cikin 100 na adadinta, a digiri 50 kuma kashi 71, zafin da ba baƙo ba ne a ƙarƙashin rufin kwano. Nisa ma yana cin ƙarfi. Famfon da ke mita 60 daga allon wuta, yana jan amfiya 5.7 ta waya 1.5, zai rasa kusan bolt 10 a hanya, dab da iyakar kashi 5 cikin 100 da ƙa'ida ta yarda. A lokacin tashi asarar takan kai bolt 50, injin ya yi ta gurnani bai juya ba. Da waya 2.5 asarar gudu ta koma bolt 6.

Janareto, wanda a Yamai ake ce wa gurup, da kVA, wato VA dubu, ake auna shi, kuma mai kVA 5 kilowat 4 yakan bayar. Ba shi da ƙarfin da layin kamfani ke da shi wajen shanye wutar tashi, don haka ana fara kunna babban inji shi kaɗai, a jira ya kama gudu, sannan a bi da saura ɗaya bayan ɗaya.