Tallafin Sauya Tsofaffin Motoci

Tallafin sauya tsofaffin motoci tsari ne da gwamnati ke ba mai tsohuwar mota kuɗi, ko rangwame a kan farashin sabuwa, da sharaɗin ya miƙa tsohuwar a murƙushe ta yadda ba za ta ƙara hawa titi ba. Dalilin da hukumomi ke bayarwa shi ne rage gurɓatar iska, domin injin da ya tsufa ya fi shan mai, ya kuma fi fitar da hayaƙi mai cutarwa. Sai dai tarihin tsarin ya nuna cewa gwamnatoci sun fi tunawa da shi a lokacin da cinikin motoci ya faɗi, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata. Batun ya shafi ƙasar Hausa ta wata fuska dabam, domin irin motar da ake biyan Bature ya rabu da ita, ita ce ke jigilar mutane da amfanin gona tsakanin ƙauyukan Kano da Jigawa.

Dalilin tsarin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019, kuma hayaƙin ababen hawa na daga cikin abin da ke kawo ta a birane. Motocin zamani suna ɗauke da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda makanikai a Najeriya suka laƙaba wa suna "indomi" saboda kamannin cikinta. Matatar ta bazu a motocin Amurka tun daga 1975, a Turai kuma ta zama dole ga sababbin motocin fetur a farkon shekarun 1990. Motar da aka ƙera kafin lokacin, ko wadda matatarta ta mutu, tana iya fitar da gubar da motoci da dama na zamani ba za su fitar ba ko an haɗa su.

Tarihi

Faransa na cikin ƙasashen da suka fara gwada tsarin a faɗin ƙasa. A 1994 gwamnatin Firaminista Édouard Balladur ta ware faran 5,000, kuɗin Faransa na lokacin, ga wanda ya miƙa motar da ta haura shekara goma ya sayi sabuwa, sannan gwamnatin Alain Juppé ta maimaita makamancinsa daga 1995 zuwa 1996. Italiya ta bi sahu a 1997. Tun a wannan gwaji aka lura da wani abu da zai riƙa maimaituwa daga baya: ciniki yana tashi muddin tallafin na nan, ranar da aka janye shi kuma kasuwa ta yi sanyi.

Lokacin da tsarin ya fi bunƙasa shi ne shekarar 2009, bayan karyewar tattalin arzikin duniya ta 2008. Jamus ta buɗe nata a watan Janairu, inda take biyan Yuro 2,500 ga wanda motarsa ta kai shekara tara, kuma ta yi aƙalla shekara guda a hannunsa. Da farko Yuro biliyan 1.5 aka ware, amma tururuwar da jama'a suka yi ta sa aka ƙara kuɗin zuwa biliyan 5, waɗanda suka ƙare a farkon watan Satumba bayan an nemi tallafi ga motoci kusan miliyan biyu. A hukumance sunan shirin tukwicin muhalli, amma jama'a suka riƙa kiransa Abwrackprämie, wato tukwicin murƙushewa, har aka zaɓi kalmar a matsayin kalmar shekara a Jamus. Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu kai tsaye: ƙungiyar jami'an binciken laifuka ta ƙasar ta yi ƙiyasin cewa motocin da aka karɓi tukwicinsu amma ba a murƙushe ba, aka fitar da su ta bayan fage zuwa Afirka da Gabashin Turai, za su iya kaiwa 50,000.

Birtaniya ta gudanar da nata daga watan Mayun 2009 zuwa Maris na 2010. Rangwamen fam 2,000 ne, gwamnati ta biya rabi, kamfanin mota ya biya rabi, kuma motocin da suka shiga sun kusa 400,000.

Na Amurka ya fi kowanne suna, ko da yake shi ne mafi gajeren kwana. Shugaba Barack Obama ya sa wa dokar hannu a watan Yunin 2009, jama'a kuma suka san shirin da laƙabin Cash for Clunkers, wato kuɗi a madadin akwala. Ana ba da dala 3,500 ko 4,500 gwargwadon bambancin shan mai tsakanin tsohuwar motar da sabuwar. Sharaɗin tsohuwar shi ne kada ta haura shekara 25, kuma ta kasance mai shan mai da yawa, wadda lita guda ba ta kai ta fiye da kilomita bakwai da 'yan kai. Dala biliyan ɗaya da aka fara warewa ta kusa ƙarewa cikin 'yan kwanaki, majalisa ta ƙara biliyan biyu, sannan aka rufe shirin ranar 24 ga Agusta bayan an sauya motoci wajen 680,000. Amurkawa sun toshe ƙofar da aka bari a buɗe a Jamus: doka ta tilasta wa dillali ya zubar da baƙin man injin, ya ɗura wani ruwan sinadari mai daskarewa kamar gilashi a madadinsa, ya tayar da motar har injin ya kame. Duk wanda ya san darajar injin a garejin Wudil ko Haɗeja zai ji nauyin wannan aiki, domin da yawa daga cikin injinan lafiyarsu ƙalau.

A Afirka, misalin da aka fi ambata shi ne na Masar. Dokar zirga-zirga ta 2008 ta hana sabunta lasisin tasin da ta wuce shekara 20, a 2009 kuma gwamnati ta fara karɓar tsofaffin tasi masu launin baƙi da fari na birnin Alƙahira, tana haɗa direbobi da bashin banki da sassaucin haraji don su mallaki sababbin farare. Tasin da aka sauya sun haura 40,000, kuma a cikinsu akwai Fijo 504, irin wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Indiya ta ƙaddamar da nata tsarin a 2021.

Taƙaddama

Masana tattalin arziki Atif Mian da Amir Sufi sun nuna cewa ƙarin cinikin da shirin Amurka ya kawo ya ɓace cikin kusan wata goma, domin akasarin masu sayen da ma suna da niyya, gaggautawa kawai suka yi. Masu goyon baya na kafa hujja da raguwar shan mai. Masu suka na cewa ƙera sabuwar mota ma yana gurɓata iska, kuma mai halin sayen sabuwa kaɗai tallafin ke amfana.

Karkarar Kano da Jigawa

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Su ne ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Ba sa isa karkara sai sun gama zamaninsu a birni, sun bi ta hannu uku ko huɗu. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idojin taƙaita shekarun motocin da ake shigowa da su da kuma tsabtar mai, waɗanda aka tsara su fara aiki a 2021, amma waɗannan ƙa'idoji ba su taɓa motar da ta riga ta shigo ba.

Ranar Alhamis a hanyar Maigatari, ko Juma'a a hanyar Wudil, mai lura zai ga J5 da Golf da a-kori-kura ɗauke da buhunan gero da riɗi, da awaki, da fasinjoji har kan lodi. A ƙauyen da mota ɗaya ce ke shiga, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, don haka ba wanda ke kallonta a matsayin shara. Idan ta mutu murus, makaniki ya cire abin da zai cire, wasu kayan su ƙarasa kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano, gangar jikin kuma 'yan gwangwan su saye ta a kan kilo. Ke nan murƙushe mota yana faruwa a nan ma, sai dai ba gwamnati ke biya ba, kuma ba a kaiwa ga nan sai motar ta ƙi tashi. Ita kuwa matatar salansa sau da yawa ana cire ta a sayar tun motar na kan aiki, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wanda hakan ke mayar da motar da ba ta tsufa sosai ba ta koma fitar da hayaƙin akwala.

A karkara hayaƙin itacen girki da ƙurar hunturu sun fi na mota yawa a iskar da mutane ke shaƙa. Waɗanda hayaƙin mota ya fi kamawa su ne direbobi da yaran mota da 'yan kamasho, da kuma yara masu talla da ke wuni a bakin tasha daidai tsayin salansa. Tsari irin na Jamus, wanda ya ginu a kan cewa mai mota yana da sauran kuɗin sabuwa a hannu, ba zai kai ga waɗannan ba. Na Masar ya fi kusa, tunda ya nufi motocin haya kuma ya zo da bashi. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, shan mai ya zama abin da direban karkara ke fara lissafawa kafin ya yi lodi, gwamnatin tarayya kuma ta karkata ga shirin mayar da injinan motocin haya su yi aiki da iskar gas.