Dokar gobarar daji ta Ghana: abin da ta ɗora wa manomi

A shekarar 1983 fari ya haɗu da wuta a Ghana. Gonakin koko da na abinci suka ƙone ƙurmus, yunwa ta biyo baya. Gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta kafa dokar gobarar daji a shekarar, sannan a 1990 ta maye gurbinta da wadda ake kira PNDCL 229, wadda har yau ita ce a ƙasa.

Mutane da yawa sun ɗauka dokar ta hana cinna wuta a gona kwata-kwata. Ba haka ba ne. Manomin da ya yi sassabe yana iya tara ciyawa da kara da busassun itatuwa ya ƙona, muddin wutar na hannunsa kuma ba ta tsallake iyakar gonarsa ba. Ranar da ta ƙwace ta faɗa gonar maƙwabci ko makiyaya ko kurmi, ta zama gobarar daji, wanda ya kunna ta kuwa ya zama mai laifi. Faɗin "ai ban yi niyya ba" ba ya wanke shi, domin abin da aikinsa ya haifar doka ke dubawa. Mai farautar gafiya da hayaƙi, da mai cire zuma, da mai gawayi, da makiyayin da ya banka wa daji wuta don ya sami sabon toho, duk ma'auni ɗaya ake auna su da shi.

To, ta yaya wuta za ta tsaya inda aka ce ta tsaya? Tun kafin iskar hunturu ta kankama, a share kewayen gona tas, a bar fili mai faɗi da ba ko tsinke. A yi wa rumbu da tarin shinkafa ko doya haka, da gindin kaɗanya da kashu. In za a ƙona, a yi da sassafe ko da la'asar sakaliya lokacin da iska ta kwanta, a sanar da maƙwabta, a tsaya da ɗanyen ganye da fartanya da ruwa. Kada a tafi gida sai kututture na ƙarshe ya mutu. A nan ake yawan yin sakaci: kututture kan kwana yana ci a ɓoye, washegari da rana iska ta hura shi.

Dokar ta kuma umarci kowace majalisar gunduma ta kafa kwamitin yaƙi da gobarar daji. Kwamitin na da ikon ware lokacin da ba a yarda a ƙona komai ba, ko da a gonarka ne, don haka a tambaya kafin a ƙyasta ashana. Dokar ta ce a kafa ƙungiyar 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kwana-kwana ta ƙasa ta horar da su. A gaskiya wannan ɓangaren ne ya fi amfani, domin kafin motar kashe gobara ta taso daga Tamale ko Wa ta isa ƙauye, aikin gama ya gama.

Sashen da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne na kai rahoto. Wanda ya ga gobara, ko ya san wanda ya tayar da ita, ya yi gum ba tare da uzuri ba, shi ma ya taka doka. A ƙauye kuwa, mai laifin sau da yawa ƙanin wani ne ko surukinsa, sai kara ta hana magana. Hukuncin mai tayar da gobara tara ce, ko ɗauri ko aikin al'umma da bai wuce wata 12 ba, wanda ya maimaita kuma hukuncinsa ya fi tsanani. Amma in ba wanda ya buɗe baki, maganar ba ta ma isa gaban alƙali. Lambar 'yan kwana-kwana a Ghana 192 ce, ko 112.