Yarjejeniya ta 189: abin da dokar duniya ta tanadar wa 'yar aikin gida

Ranar 16 ga Yuni, 2011, a zama na 100 na babban taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, a birnin Geneva, aka kaɗa ƙuri'a kan wata yarjejeniya da ta shafi masu shara da wanki da girki a gidajen mutane, da masu reno, da masu jinyar tsofaffi, har da direban gida da mai gadi. Ƙuri'a 396 suka amince, 16 suka ƙi, 63 suka ƙaurace. Ita ce Yarjejeniya ta 189. Ta fara aiki ranar 5 ga Satumba, 2013, shekara guda bayan Filifin ta bi sahun Yurugai wajen rattaba mata hannu.

Ƙashin bayanta magana ɗaya ce: gidan da aka ɗauki mutum aiki a cikinsa wurin aiki ne, wanda yake aikin kuma ma'aikaci ne mai haƙƙi, ba wanda ake yi wa alfarma ba. Da jin haka sai ka ce wannan ai ba ta kai a kira mata taro ba. To amma dokokin ƙwadago na ƙasashe da dama da gangan suka tsallake masu aikin gida. A Amurka, dokar 1935 da ta ba ma'aikata damar kafa ƙungiya, da ta 1938 da ta kafa mafi ƙarancin albashi, duk ba su haɗa da su ba, kuma kowa ya san mafi yawan masu wannan aiki a kudancin ƙasar mata ne baƙar fata. Sai a 1974 aka shigar da su dokar albashin. ILO kanta tun 1965 ta ce akwai buƙatar doka ta musamman, aka jingine maganar shekara 46. Mutanen da aka jingine kuwa ba kaɗan ba ne: rahoton ILO na 2021 ya ƙiyasta su miliyan 75.6, kashi 76 cikin ɗari mata, kuma sama da takwas cikin goma suna aiki ne ba tare da hukuma ta san da zamansu ba.

Sashe na 1 ya ce mai aikin gida shi ne wanda aka ɗauka yana yi wa wani gida aiki a matsayin sana'arsa. Wanda ya taya maƙwabci aiki jefi-jefi ba ya ciki.

Sashe na 7 ya ce dole a sanar da ma'aikaciya sharuɗɗan aikinta ta hanyar da za ta fahimta, a rubuce in da hali: wane aiki za ta yi, nawa ne albashi, yaushe ake biya, awa nawa a rana, yaushe ne hutu, yaya batun abinci da wurin kwana, kuma in za a rabu, wa'adin kwana nawa za a bayar. Duk wanda ya san yadda ake ɗaukar 'yar aiki ya san amfanin wannan. An ɗauke ta shara da wanke-wanke, wata ya zagayo sai ga reno, sai ga jinyar kaka, sai ga aiken gidan ƙanwar uwargida, albashi kuwa yana nan inda yake. In ta yi magana a ce mata, “Haba, ke da muka ɗauka kamar 'yar gida.” Takarda ita ke tsayar da wannan ƙari.

Inda na fi so a tsaya shi ne sashe na 10, batun lokaci. Ya ce a daidaita masu aikin gida da sauran ma'aikata wajen awannin aiki, da ladan ƙarin lokaci, da hutun shekara mai albashi, sannan a kowane mako akwai hutun aƙalla awa 24 a jere. A jere, ba a yayyanka shi a ce ta huta safiyar yau da yammacin jibi ba. Sai kuma ya taɓo abin da ba a cika lissafawa ba. A ce ta gama wanke tukwane ƙarfe goma na dare, ta kwanta, amma kunnenta yana kan jaririn gidan, domin in ya farka ita za a tasa. Ba ta aiki, amma lokacin ba nata ba ne, ba ta da ikon fita ko yin barci mai nauyi. Yarjejeniyar ta ce irin wannan zaman jira aiki ne. Sai dai ta ƙara da cewa gwargwadon yadda dokar ƙasa ko yarjejeniyar ƙungiya ta tsara, kuma ta wannan kafa gwamnatin da ba ta da niyya take sulalewa.

Kan kuɗi, sashe na 11 ya ce inda ƙasa take da mafi ƙarancin albashi, to ya haɗa da su, ba tare da bambanta mace da namiji ba. Sashe na 12 ya ce a biya da kuɗi, kai tsaye ga ma'aikaciya, aƙalla sau ɗaya a wata. Ke nan “ina tara miki, sai za ki tafi na ba ki” ba ta da gurbi, haka ma miƙa wa wani albashinta ya karɓa a madadinta. Ana iya lissafa abinci ko ɗaki cikin albashi, amma ɗan kaso kawai, da yardarta, kuma a kan ƙima ta gaskiya. Sashe na 15 ya hana a cire kuɗin dillalin da ya samo mata aiki daga albashinta.

Sashe na 9 gajere ne amma yana da nauyi. Kwana a gidan aiki sai da amincewar ɓangarorin biyu. Wadda take kwana a gidan ba dole ba ne ta zauna a cikinsa lokacin hutunta. Fasfo da katin shaida kuma a hannun mai su za su zauna. Wanda ya ji labarin matan da ke zuwa aikatau ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, ƙarƙashin tsarin kafala da ke ɗaure zaman ma'aikaci da mai gidansa, ya san cewa fasfon da aka kulle a durowar uwargida shi ne ke mayar da aiki bauta. Sashe na 8 ya ce a ba mai tafiya rubutacciyar yarjejeniya tun kafin ta tsallaka iyaka. Babu ƙasar Gulf ko ɗaya da ta rattaba hannu.

Game da yara, sashe na 4 ya ce shekarun fara aikin gida kada su gaza na sauran ayyuka, kuma wanda bai kai 18 ba kada aiki ya hana shi karatun dole. Akwai kuma Shawara ta 201 da aka fitar tare da yarjejeniyar, wadda ba ta zama tilas ba amma ta shiga ƙananan bayanai: ɗaki na daban mai iska da haske, mai makulli, kuma mabuɗin a hannun ma'aikaciya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yarjejeniyar ba ta ɗaure kowace ƙasa sai wadda ta rattaba hannu, kuma cikin ƙasashe 187 na ILO waɗanda suka yi hakan ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Jamus da Italiya da Afirka ta Kudu da Birazil suna ciki. Amurka ba ta ciki, gwamnatin Birtaniya kuwa tun ranar ƙuri'a ta ƙaurace. Batun lafiya a wurin aiki da fansho da hutun haihuwa, sashe na 13 da na 14, an yarda a aiwatar da su sannu a hankali. Jami'in sa ido kan ƙwadago kuma ba ya faɗa wa gidan mutum yadda yake shiga masana'anta, domin sashe na 17 ya ce a kiyaye sirrin gida.

A ganina ba kowace uwargida ce azzaluma ba. Da yawa ita ma ma'aikaciya ce mai ƙaramin albashi, ba gidan renon yara na gwamnati, ba wurin kula da tsohuwa, sai ta nemi wadda ta fi ta talauci ta ɗora mata nauyin. Kamfanin da take yi wa aiki yana samun cikakkun awanninta ne saboda wata tana gida tana reno da araha, amma ba ya cikin masu biyan kuɗin. Yarjejeniyar ba ta warware wannan ba. Abin da ta yi shi ne hana a ci gaba da cike giɓin da gumin mafi rauni.

Inda aka riƙe ta da gaske an ga canji. A 2012 Maria Mahlangu, 'yar aiki a Afirka ta Kudu, ta nutse a tafkin iyo na gidan da ta shafe shekara 22 tana yi wa aiki. Da 'yarta ta nemi diyya, aka ce dokar diyyar haɗari a wurin aiki ba ta haɗa da masu aikin gida ba. Ƙungiyar masu aikin gida ta mara mata baya har Kotun Tsarin Mulki, wadda a Nuwamba 2020 ta ce wannan wariya ta saɓa wa tsarin mulki. A 2022 kuma aka daidaita mafi ƙarancin albashinsu da na sauran ma'aikata.

'Yar aiki ita kaɗai ba za ta iya kai ƙara Geneva ba. Kotun ƙasarta ce mafakarta, kuma sashe na 16 ya ce a buɗe mata ƙofarta kamar kowane ma'aikaci. Ƙungiyar ƙwadago ce take da hurumin kai ƙorafi ILO a kan gwamnatin da ta sa hannu ta ƙi cikawa. Shi ya sa a 2013, a Montevideo, babban birnin Yurugai, masu aikin gida suka kafa tarayyarsu ta duniya, suka zaɓi Myrtle Witbooi ta Afirka ta Kudu, wadda ita ma ta yi aikatau, ta shugabance su.