Darasin Gyaran Karatu a Kwalejojin Amurka

Darasin gyaran karatu wani fanni ne na koyarwa da kwalejoji da jami'o'in Amurka suka tanada domin ɗaliban da suka samu gurbi, amma gwaji ya nuna littattafan matakin da suka shigo sun fi ƙarfinsu. Ba baƙi da wasali ake koya musu ba. Ɗalibin ya gama sakandare, yana karanta Ingilishi tiryan-tiryan ba gargada. Inda gizo yake saƙar shi ne, idan ya rufe babi guda na littafin tarihi ko na ilimin halittu aka ce ya faɗi abin da marubucin yake nufi, sai ya yi tsuru-tsuru. Darasin ya ginu ne a kan abu biyu: fahimtar abin da aka karanta, da faɗaɗa sanin kalmomi. An fi samunsa a kwalejojin al'umma, wato kwalejojin gwamnati na shekara biyu, waɗanda yawancinsu ke karɓar duk wanda ya zo da takardar gama sakandare.

Ko sunan darasin ma an sha jayayya a kansa. Tsohon sunansa da Ingilishi yana ɗauke da ma'anar magani, sai ka ce ɗalibin majinyaci ne. Daga shekarun 1970 malamai suka fi karkata ga sunan da ke nufin bunƙasawa, bisa hujjar cewa iya karatu abu ne da ke ci gaba da girma muddin rai.

Tarihi

Ɗalibin da bai shirya ba tsohon baƙo ne a jami'o'in Amurka. Tun 1849 Jami'ar Wisconsin ta buɗe sashen share fage domin irinsu. A 1929 malamai biyu a wata kwalejin horar da malamai ta jihar Iowa, M. J. Nelson da E. C. Denny, suka fitar da gwajin da ke ɗauke da sunansu, mai sashen kalmomi da sashen auna fahimta, wanda har yau ana amfani da shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 mai biya wa tsofaffin sojoji kuɗin makaranta ta cika kwalejoji da manyan mutane da suka daɗe rabonsu da littafi. A 1946 Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio ya wallafa dabarar karatu da aka fi sani da SQ3R.

Wani gwaji da William Perry ya ba da rahotonsa a 1959 ya nuna cewa ciwon ba na raunanan ɗalibai kaɗai ba ne. Ya ba sababbin ɗaliban Jami'ar Harvard 1,500 wani babi mai shafi talatin daga littafin tarihi, ya tsayar da su bayan kimanin minti ashirin. Tambayoyin ƙananan bayanai sun amsa su da kyau. Da aka ce kowa ya rubuta a taƙaice inda babin ya dosa, goma sha biyar kacal suka iya. Alhali a ƙarshen babin akwai sakin layi da marubucin ya tattara duk maganarsa a ciki. Kusan kowa daga kalmar farko ya fara, ya yi ta bi layi-layi kamar mai jan carbi, 'yan kaɗan ne suka leƙa gaba.

Fannin ya bunƙasa sosai a shekarun 1960 da 1970, lokacin da kwalejojin al'umma suka yawaita. A 1970 Jami'ar Birnin New York ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya gama sakandare a birnin, ajujuwan gyara kuwa suka cika maƙil.

Abin da ake koyarwa

Ta ɓangaren fahimta, ana fara wa ɗalibi ne da gano jigon sakin layi da raba shi da bayanan da ke tallafa masa. Daga nan sai tsinkayar abin da marubuci bai faɗa ƙarara ba, da bambance gaskiya da ra'ayi, da gane yadda aka jera magana: dalili da sakamako ne, ko kwatanci, ko jerin aukuwa. Ana jan hankalinsa ga ƙananan kalmomin da ke nuna marubuci zai karya kwana, irin su "amma" da "saboda haka".

Dabarar Robinson matakai biyar ce. Ɗalibi zai fara zagaya babin, ya duba kanun batutuwa da hotuna da taƙaitawar ƙarshe. Sai ya mayar da kowane kai tambaya. Sai ya karanta yana neman amsa. Sai ya ɗauke ido daga shafin ya faɗi amsar da bakinsa. A ƙarshe ya yi bita. Mataki na huɗu shi ne ƙashin bayan dabarar, kuma shi ɗalibai suka fi tsallakewa, domin a nan ne mutum ke gane bai fahimci abin da yake zaton ya fahimta ba. Kusan duk sauran dabarun, irin su rubuta sharhi a gefen shafi da taƙaita babi da kalmomin kai, abin da suke nema ke nan: mai karatu ya riƙa sa wa kansa ido, ya san lokacin da zaren ya kuɓuce masa.

Ta ɓangaren kalmomi kuwa hanya uku aka fi bi. Akwai gano ma'ana daga kalmomin da ke kewaye. Akwai feɗe kalma zuwa saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wanda ke da amfani ƙwarai a Ingilishi domin galibin kalmomin ilimi daga Girkanci da Latin aka aro su. Wanda ya san saiwar da ke nufin "rai" da wadda ke nufin "ƙasa" ya buɗe wa kansa kalmomi da dama a lokaci guda. Sai kuma koyar da zaɓaɓɓun kalmomi kai tsaye. A 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ta fitar da jerin iyalan kalmomi 570 da ke yawan fitowa a rubutun ilimi kowane fanni ne, kuma malamai da yawa da shi suke aiki. Binciken Paul Nation da abokan aikinsa ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya karanta shi cikin sauƙi ba da taimako ba. Wato a shafi mai kalma 300, baƙin kalmomi shida kawai ake iya haɗiyewa.

Suka da sauye-sauye

Shekaru da dama tsarin ɗaya ne: ɗalibi ya zo, a zaunar da shi gwajin tantancewa irin su ACCUPLACER ko COMPASS, makin da ya ci ya jefa shi aji na ɗaya, na biyu ko na uku a ƙasa da ajin kwaleji na ainihi. Yana biyan kuɗin waɗannan ajujuwa, amma makinsu ba ya shiga lissafin digiri.

Suka ta farko ta shafi abin da ke cikin ajin. An saba horar da ɗalibi da gajerun sakin layi marasa alaƙa da juna, yau kan kifi, gobe kan jirgin ƙasa, ana zaton dabarar za ta bi shi zuwa ajin kimiyya. Sau da yawa ba ta binsa. Binciken Donna Recht da Lauren Leslie na 1988 ya haska dalili: an ba 'yan ƙaramar sakandare labarin wasan ƙwallon sanda, sai raunanan masu karatu da suka san wasan suka fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimta. Sanin batun da ake magana a kai wani babban kaso ne na fahimta, kuma ba a samunsa daga atisayen da aka yanke daga kowane fanni.

Suka ta biyu ta fi zafi. A 2010 Thomas Bailey da abokan aikinsa biyu na Jami'ar Columbia suka bi diddigin ɗalibai fiye da 250,000 a kwalejoji 57. Kusan kashi ɗaya bisa uku an tura su gyaran karatu, kuma kashi 46 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka tura suka kammala jerin ajujuwan cikin shekara uku. Abin mamakin shi ne waɗanda suka zube ba faɗuwa jarrabawa ce ta fi zubar da su ba. Da yawansu ko rajistar ajin farko ba su yi ba, wasu kuma sun ci aji ɗaya ba su dawo na gaba ba. Tsawon hanyar ne ya gajiyar da su, musamman masu aiki da masu iyali.

Gyaran da ya biyo baya ya zo da sauri. Tun 2007 Peter Adams na Kwalejin Al'umma ta Gundumar Baltimore ya fara saka raunanan ɗalibai kai tsaye cikin ajin Ingilishi mai maki, sannan malamin nan dai ya sake zama da su a ƙaramin rukuni domin tallafi. Jihar Tennessee ta shimfiɗa irin wannan tsari a kwalejojinta na al'umma a 2015. Florida ta yi doka a 2013 da ta mayar da gwajin da darasin zaɓi ga yawancin waɗanda suka fito daga sakandaren gwamnatin jihar. Kamfanin ACT ya janye gwajin COMPASS a ƙarshen 2016, sannan a 2017 California ta wajabta wa kwalejojinta duba sakamakon sakandare wajen tantancewa. Wurare da yawa kuma sun haɗe karatu da rubutu a aji guda.

Adadin masu cin ajin Ingilishi na farko a shekararsu ta farko ya ƙaru a jihohin da suka yi sauyin. Sai dai tsofaffin malaman fannin suna ƙorafin cewa 'yan sa'o'in tallafi a mako ba za su wadaci wanda ya yi shekara ashirin rabonsa da aji ba, ko wanda Ingilishi ba harshen gidansu ba ne, kuma ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. A kwalejoji da dama sashen karatu mai zaman kansa ya narke cikin sashen Ingilishi ko cibiyar tallafa wa ɗalibai. Babbar ƙungiyar malaman fannin, wadda aka kafa a 1976, ita ma a 2019 ta cire kalmar bunƙasawa daga sunanta, ta maye gurbinta da nasarar ɗalibi.